Mashin Ɗina Bai Kashe Batir Ba

Bari in fara da maganar da ta daɗe tana ci min rai: mashin ɗina bai taɓa kashe batirin kowa ba. An faɗa a gidana, an faɗa a majalisar ƙofar shagona, har mata sun ɗauka suna ba juna dariya wajen suna, wai tsohon babur ɗin tela mai cin batir. Na ji da kunnena, na haɗiye, na yi shiru shekara da shekaru. Yanzu wanda na yi shirun dominsa ya bar garin nan. Don haka zan buɗe baki, wanda zai ji haushi ya ji.

Ni tela ne. A Yelwa aka haife ni, cikin Mubi, kuma nan na tsufa. Kakana daga ƙasar Katsina ya zo da allura da almakashinsa, mahaifiyata kuwa Bafulatana ce ta Wuro Patuji, ta wajenta na gaji gonar da nake noma gyaɗa da masara a can. Abin da ya haɗa shagona da gonar nan shi ne mashin. Ina saurayi na saye shi, na hannu ma, ɗan Japan, baƙi wuluk, mai bututun hayaƙi biyu da kujera mai faɗi. Shekarun da aka hana hawan mashin a gari na shigar da shi ɗakin ajiya na lulluɓe shi da tsohon bargo. Shekarar da rikici ya sa muka bar gari a guje, da muka dawo an kwashe kekunan ɗinkina kaf, amma shi yana nan bayan buhunan harawa, ba wanda ya kula shi. A kansa nake zuwa inda na ga dama lokacin da na ga dama, ba na tambayar kowa, ba na jiran kowa. Wanda bai kai shekaruna ba ba zai san daɗin wannan ba.

Aibinsa ɗaya ne, kuma ba zan ɓoye ba. Irin ƙirarsa ba ta tashi sai da batir. Mashinan yanzu ko batir ya mutu kana buga kik za su tashi. Nawa kuwa ko ka buga har ƙafarka ta tsinke, in babu wuta a batir ba zai ce uffan ba.

Tun da na saye shi mutum ɗaya ne ke taɓa shi. Bakanike ne, iyayensa daga Borno suka zo, ya ɗan girme ni. Da yake uwata Bafulatana ce akwai wasa tsakaninmu, ban taɓa kiransa da sunansa ba sai Babarbare, shi kuma ya ce min ɗan Fulani mai ƙafar kara. Rumfarsa tana gindin wata dogonyaro daf da masallacin da muke Juma'a. Wurin ba nasa ba ne, haƙuri aka yi masa ya zauna tun masallacin yana ƙarami. Da, in ka zo da hantsi sai ka rasa inda za ka jingine mashin saboda yawan masu jira. Sannu a hankali suka watse. Sababbin mashina suka zo da nasu makanikai, idonsa kuma ya fara yin yana-yana, sai ya riƙa lalube ƙusa a ƙasa alhali tana gabansa. Mai faci da masu sayar da turare da ke gefensa suka fara ƙus-ƙus, wai tsoho ya makance, wai ɓata wa mutane kaya yake yi, wai inuwar nan ta fi ƙarfin wanda ba ya aiki. Ni dai ban fasa ba. Duk Juma'a a rumfarsa nake ajiye mashin in shige masallaci da wuri don in samu sahun gaba, shi kuma yana shimfiɗa buzunsa nan gindin bishiya, don sahu yana kaiwa har wurin.

Yana da wata al'ada da yake kira gaisuwa. Duk mashin ɗin da aka ajiye masa, ko ba a ce ya yi komai ba, sai ya goge shi da tsumma, ya duba mai, sannan ya zaro wata 'yar jar waya da ke zaune a aljihunsa tare da goro. Ya ɗora bakinta ɗaya a kan batir, ya shafa ɗayan a ɗaya kan. Tartsatsi ya tashi. In shuɗi ne mai ƙara, batir yana da lafiya. In ja ne mai sanyi, yunwa yake ji. Haka duk tsofaffin makanikai suke yi, batir mai ruwa kuma bai damu ba, ka ƙyasta shi safe da yamma yana nan garau. Ina saurayi na ga gaisuwar nan ba adadi. Da na girma na koma mai saurin shiga masallaci, sai na daina ganinta, har ta fita daga raina.

Abin ya fara ne wata bazara. Batirina mai ruwa ya tsufa, kuma ya yi min sallama yadda irinsu suke yi: hon ya dishe, fitila ta koma ruwan ɗorawa. Na ce sai mako mai zuwa. Ina dawowa daga gona da azahar na tsaya a bakin mayo, wato kogin da ke hanya, in wanke ƙafa, da na koma mashin ya ƙi tashi. Na tura shi cikin yashi, rana tana dukan tsakiyar kaina, ga hawan jini, ga gwiwar da keken ɗinki ya cinye. Ban san lokacin da na faɗi ba. Wasu mata masu dawowa daga itace ne suka yayyafa min ruwa suka aika a kira babban ɗana.

Ɗan nan nawa yana sayar da kayan sola a Nasarawo, faranti da batir da fitilu. Yaro ne mai hankali, ba zan ci amanarsa ba, sai dai kansa yana da tauri, kuma kowa ya san inda ya gado shi. Washegari ya zo da wani abu a leda ya miƙo min. Na karɓa da hannu biyu don na zaci nauyi, sai hannuna ya yi sama, abin bai fi kwalin sukari nauyi ba. Ya ce batirin litiyom ne, ba a zuba masa ruwa, ba ya yoyo, ba ya cin ƙarfe, zafi ba ya shanye shi kamar wancan. Yana ɗaurawa yana min bayani, wai akwai wani ɗan allo a cikinsa kamar mai gadi, in wuta ta yi yawa ko wayoyi suka haɗu sai ya rufe ƙofa, batir ya yi lamo kamar ya mutu, sai an kai shi shago an tashe shi da caja. Da rabin kunne na ji. Hankalina yana kan ko murfin gefe zai rufu.

Gaskiya ɗaya ce, abin ya yi daɗi da farko. Kana taɓawa mashin ya tashi. Hon ya koma na samari, na danna a ƙofar gida har akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Matata ta ce yanzu sai in rage fushi da yaron, na ce mu dai gani.

Ran Juma'a na je gona da sassafe kamar kullum, na dawo kan kwalta da ɗan gudu don kada in makara, na ajiye mashin wurin Babarbare. Da aka sallame na fito na murɗa makulli. Shiru. Ba hon, ba fitila, ko ɗan jan haske babu. Haba! Batirin da ya tsorata akuya kwanan nan? Na mai ruwa aƙalla yana yi maka sallama kafin ya tafi. Wannan kuwa yana cikin dariya da kai zai juya maka baya. Babarbare ya ce shi tun da ya ji rashin nauyinsa ya san babu komai a ciki. Ɗana ya zo ya cire, ya kai shago, kafin la'asar ya dawo da shi a raye.

Juma'a ta zagayo, aka maimaita. Wannan karon ɗana ya zo da na'urar awo, ya maƙala wayoyinta, ya ce in murɗa totur. Na murɗa, lambobi suka yi ta hawa. Ya nuna min, na gani da idona, ba ƙarya ya yi ba. Ya ce abin da ke daidaita wuta a tsofaffin mashina an yi shi ne don batir mai ruwa, wanda ke shanye komai bai yi magana ba, amma litiyom ba ya ɗaukar wulaƙanci. Ya ce gudun da nake yi ran Juma'a daga gona ne ke cika shi fiye da kima, ya yi zafi, mai gadi ya rufe. Har ya ce wata rana abin zai iya kamawa da wuta a ƙarƙashina. Duk da haka akwai wani zato da bai bari ba. Ya juya wajen Babarbare, cikin ladabi amma a gaban mai faci da masu turare, ya tambaye shi ko ya gyara wani abu. Tsohon ya ce bai gyara komai ba, kuma gaskiya ya faɗa, don shi a wajensa gaisuwa ba gyara ba ce. Ɗana ya ce to don Allah Baffa kada a riƙa taɓawa. Na ga yadda mai faci ya kalli mai turare. Na ga Babarbare ya sunkuyar da kai yana neman tsumman da ke hannunsa.

Aka canza min batir da wani sabo, irinsa. Makonni suka wuce lafiya lau, har na fara ɗaga wa mutane hannu da gadara. Sai wata Juma'a ya sake yin lamo. Ranar ɗana yana kan hanya, ni kuma zuciya ta ɗebe ni na ƙi jira, na tura mashin daga masallaci har gida. Na kwana biyu a kwance, ƙafa ta kumbura kamar an hura salka.

Nan ne yaron ya yi min dabara. Bai zo shi kaɗai ba, ya je ya ɗauko yayana, wanda tun rasuwar mahaifinmu ba na tsallake maganarsa. Suka zauna a zaurena. Ɗana ya yi magana a hankali, idonsa ya yi ja, ya ce ba ya son ranar da za a kira shi a ce an tsince ni a bakin mayo ba numfashi. Ya ce mashin ya tsufa, yana kashe batir, kuma batir mai ruwa shi ya fara kayar da ni, to ina mafita? Na yi faɗa, na ce mashin ɗin nan ya girme shi, a kansa aka kai uwarsa asibiti ranar da za ta haife shi. Yaya ya bar ni na gama tas. Sannan ya yanke: a tashi batirin, a ba ni dama ɗaya. In ya sake mutuwa, zan miƙa makulli da hannuna, in bar hawa. Ya ce in faɗa da bakina. Na faɗa, don na tabbata ba laifin mashin ɗina ba ne, ko da yake ban san na wane ne ba.

Na koma hawa kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Na daina gudu, na daina zuwa gona ran Juma'a. Damina ta shigo, gyaɗa ta yi kyau, batir lafiya. Duk Juma'a bayan sallah ɗana da Yaya sukan biyo ta rumfar, wai gaisuwa suka zo, alhali kowa ya san jira suke su ji mashin ya tashi. Yana tashi sai in danna musu hon da gangan.

Ranar da abin ya faru, gwiwata ce ta fitar da ni daga masallaci. Na shiga da wuri, na zauna, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa, mutane suna ta cika. Na ce gara in koma waje gindin dogonyaro in miƙe ta. Ina tahowa na hango Babarbare durƙushe gefen mashin ɗina, murfin gefe a ƙasa. Ya waiga dama da hagu kamar mai satar nama a tukunya, bai gan ni ba, da ma ba zai gan ni daga nesa ba. Ya zaro jar wayar. Ya kai fuskarsa kusa da batir har gemunsa yana taɓa ƙarfe. Ya shafa. Tartsatsi ya tashi fau, fari mai ƙarfi. Ya sake shafawa. Babu komai. Ya sake. Babu komai.

Na tsaya inda nake. Maganar ɗana ta dawo min ɗaya bayan ɗaya, wadda na ji da rabin kunne: in wayoyi suka haɗu, mai gadi ya rufe ƙofa. Ashe ba gudu ba ne, ba zafi ba ne, ba tsufan mashin ba ne. Gaisuwa ce. Wallahi abin da na fara ji murna ce, murna mai zafi, don ga gaskiyata a fili. Kalma ɗaya zan faɗa bayan sallah, makullina ya zauna a aljihuna.

Na ƙarasa na zauna gefen buzunsa. Ya ji motsina ya yi sauri ya mayar da murfi. Na ce Babarbare, me ka gani? Bai yi musu ba. Ya ce ya daure ya daure, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya, ga damina, ga mayo ya kawo ruwa, yana tsoron abin nan marar nauyi ya yashe ni a daji. Ya ce ga shi kuwa ya kama shi, sau ɗaya ya haska ya mutu, batir mai rai ba ya haka. Shi a ganinsa ba kashe shi ya yi ba, asirinsa ya tona. Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai ya juya wayar a hannunsa ya ce:

"Wutar nan ita kaɗai nake gani sosai yanzu, ɗan Fulani. Kai ma da murya nake gane ka."

Aka tayar da sallah. Allah ya yafe min, ban san surar da liman ya karanta ba.

Da aka sallame jama'a suka fara watsewa, ga ɗana ga Yaya sun nufo mu. Mai faci yana buɗe rumfarsa, masu turare suna jera kwalabe, duk kunnuwansu suna wajenmu. Na san abin da zai faru amma na sa makulli na murɗa. Shiru. Ɗana ya durƙusa, ya ga murfin gefe bai zauna daidai ba, ƙusa ɗaya ba ta shiga ba. Ya ɗaga kai ya kalli tsohon.

"Baffa, wani ya taɓa shi yau?"

Na kalli Babarbare. Hannunsa yana cikin aljihu, bakinsa ya fara motsi, zai faɗa, kuma da alfahari zai faɗa, don yana ganin taimakona ya yi. Yana faɗa ɗana zai bayyana masa abin da wayar ta yi, a gaban mutanen da suka daɗe suna neman hujja ɗaya tak. Kafin la'asar labari zai kai kasuwa, makahon bakanike ya kashe batir har ya kusa kashe amininsa. Kafin wata Juma'a inuwar nan ta zama ta mai faci. Mutumin da ya tayar da mashin ɗina bayan shekarun da ya yi a lulluɓe, da hannunsa da haƙurinsa, zai koma gida ya zauna a ƙofa yana jiran a miƙo masa abinci.

Na riga shi. Na ce wa ɗana, da muryar da ban yi masa magana da ita ba tun yana yaro:

"Mai mashin yana tsaye kana tambayar wani? Ni za ka tambaya. Cire batirinka ka tafi da shi."

Na zare makulli na kama hannun Yaya na danƙa masa. Na ce ga shi, na faɗa da bakina, na cika. Yaya ya kalle ni, ya sa makullin a aljihu. Ɗana ya sassauta murya, ya ce akwai wani mai sayen tsofaffin mashina, zai yi masa magana. Na ce hawa na ce zan bari, kuma na bari, amma sayarwa sai bayan raina, kuma mashin ba zai motsa daga gindin bishiyar nan ba, ajiya na ba Babarbare, duk mai son inuwar nan ya fara zuwa ya same ni. Da ƙarfi na faɗa don mai faci ya ji. Na juya na tari keke mai ƙafa uku na shiga, ban waiwaya ba, don idona ya cika kuma ban yarda su gani ba.

Kada wani ya zaci abin ya zo min da sauƙi. Na ƙi jininsa, kowace rana na ƙi jininsa. Masu keke ba sa tsallaka mayo da damina. In ina son zuwa gona sai in jira ɗana ya rufe shago ya ɗauke ni a bayan nasa mashin, ni da na koya masa hawa, ina riƙe da rigarsa kamar jaka. Wata rana yana da baƙi, wata rana kaya sun iso. Ciyawa ba ta jiran mai shago. Shekara ta gaba na ba wani ɗan'uwan mahaifiyata gonar yana nomawa yana aiko min da abin da ya ga dama. A majalisa kuma ana ta tsokanata da babur mai cin batir, ina dariyar yaƙe. Sau da yawa maganar ta zo min har maƙoshi, musamman in ɗana yana ba wani abokin ciniki misali da ni, wai litiyom ba ya shiri da tsohon inji, ga abin da ya faru da babansa. Sai in tashi in ce zan yi alwala.

Abu ɗaya na yi wa kaina. Na je kasuwa na sayo batir mai ruwa, mai nauyi, na rungumo shi a keke har rumfar. Ɗana ya ji labari ya zo da faɗa, na ce makulli yana hannun Yaya, me kuma yake tsoro? Babarbare ba ya buƙatar makulli, waya biyu yake haɗawa a bayan fitila. Duk Juma'a kafin sallah sai ya goge mashin, ya duba mai, ya zaro jar wayarsa a fili ba waige-waige, ya kai fuskarsa kusa. Shuɗin tartsatsi, ya sake, shuɗi, ya sake, shuɗi. Ya ce ka ji batir mai magana. Sannan ya tayar da injin mu zauna mu saurara, ya ce fulogin hagu yana son wanki, in ce kunnensa ne ke son wanki. Masu wucewa suka riƙa tsayawa kallon tsohon mashin, wani lokaci har wani dattijo ya kawo nasa a saurara masa. Mai faci ya gaji ya daina ƙus-ƙus.

Haka muka yi har idon ya rufe gaba ɗaya. 'Yarsa da ke aure a Maiduguri ta zo ta ce ba za ta bar shi ba. Ranar tafiya na je tasha. Yana zaune a gaban mota, na yi sallama ya gane ni, ya lalubo hannuna ya sa min wani abu a ciki ya dunƙule. Jar wayar ce, ta yi baƙi da man hannu.

"Ka yafe min Juma'ar nan," in ji shi.

Na ce wace Juma'a kuma, Babarbare dai ba ya rasa surutu, ya gyara zama kada ya faɗo wa mutane daga mota. Ya yi dariya, bai saki hannuna ba sai da direba ya tayar. Ban san yaushe ya gane ba, kuma ban san wanda ya gaya masa ba. Wataƙila tun ranar ya sani.

Daga tasha ban je gida ba. Na wuce Nasarawo na shiga shagon ɗana, na ajiye wayar a kan teburinsa, na gaya masa komai daga farko har ƙarshe. Ya ɗauki wayar yana juyawa. Can ya tambaye ni me ya sa ban ja shi gefe na faɗa masa ba, ko bayan kwana biyu. Na ce don na san shi, gaskiya ba ta kwana a cikinsa, da ya je ya yi wa tsohon bayani cikin ladabi, ladabin da ya fi mari ciwo. Ya ce amma fa awon da ya yi gaskiya ne, wutar tana hawa. Na ce ta hau ta sauka, ba ita ta kashe ba. Shi ma ya san haka ne.

Washegari da hantsi ya sa aka turo mashin har ƙofar gidana, ya zo da makulli daga wajen Yaya, ya durƙusa ya miƙo min. Na karɓa. Na fito da rigar da nake zuwa gona da ita, matata tana leƙe daga zaure. Na kama kan mashin da hannu biyu, hannuna ya san wurinsa. Na ɗaga ƙafar dama zan tsallaka kujera. Ta ƙi. Na sake, na cije, ta tashi kaɗan ta tsaya, gwiwar ta riƙe kamar an ɗaure ta da igiya. Ɗana ya matso zai tallafe ni na ce ya tsaya inda yake. A nan na gane cewa shekarun hawan da suka rage min su ne na danƙa wa Yaya a gindin dogonyaro, kuma sun ƙare.

Na ji zafi, ba zan ce ban ji ba. Amma nadama kam babu, ko ƙwayar gero. Da za a mayar da ni bakin masallacin nan, makulli a hannu, Babarbare yana shirin buɗe baki, abin da na yi shi zan sake yi.

Na ce wa ɗana ya shigar min da mashin zaure ya buɗe murfin gefe. Na sa makullin a aljihu, yana nan har yau, ba mai karɓarsa. Na zaro jar wayar na ɗora, na shafa. Shuɗi. Na sake, shuɗi. Na ce masa ya je majalisa ya faɗa musu da bakinsa, yau ɗin nan kafin azahar, cewa mashin ɗin babansa bai kashe batirin kowa ba. Ya sa takalminsa ya tafi.